Feshin Da Ke Cinye 'Yan Gida

A damina ta bara na tsaya a gonar kawuna, can gefen fadamar Argungu, ina kallon yaronsa yana feshi ba takalmi, ba abin rufe hanci. Karo na huɗu ke nan a wata ɗaya. Na ɓare kan wata masara, sai ga tsutsar a naɗe a tsakiyar ganye, ta ƙoshi, ko gezau. A kwarin kunya kuwa ƙudan zuma ne da zanzaro a kwance.

Wannan tsutsa baƙuwa ce. Asalinta nahiyar Amurka, kuma a farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya. Cikin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen da ke kudu da Sahara. Uwarta na iya zuba ƙwai wajen 1,000, ta yi tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya. A shekarar kuma Tuta absoluta, wadda manoman Kano suka raɗa wa Sharon, ta cinye tumatir a Kadawa da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, ta sauka Sifen a 2006, ta gangaro mana.

Kowa ya ƙirga asarar da kwando da buhu. Ƙorafina shi ne ba wanda ya ƙirga 'yan gida. Baƙuwar tsutsar ba ganye kaɗai take ci ba, tana cin sauran tsutsotsin da ta tarar a kan karan. Wani zai ce to, ai gaba ta kai mu. Amma waɗancan tsofaffin maƙiya suna da masu cin su, tsuntsu da gizo-gizo da ƙananan rina, waɗanda suka daɗe suna yi mana aiki ba lada. Abin da baƙuwar ta rage, mu muke ƙarasawa da famfon feshi. Ita ta shige tsakiyar ganye inda magani ba ya isa sosai, su kuwa suna waje a fili. Su mutu, ita ta dawo ba mai tare ta, manomi ya koma wurin mai shago, a ba shi mai ƙarfi. Wa ya ci riba a nan?

Kada a ce ban san zafin manomi ba. Mutumin da ya ci bashi ya yi shuka ba zai tsaya sauraren labarin mazari ba, kuma ban ga laifinsa ba. Laifin na masu rabon magani ne duk lokacin da aka yi kuka, a ɗauki hoto, a watse.

Mu a Kabi abin ya fi ƙarfin gona. Duk abin da aka fesa a fadama, ruwa zai wanke shi ya kai gulbi. Ƙananan kifaye da kwaɗi kwarin ruwa suke ci, giwan ruwa kuma su take ci. Tun 1934 muke tara duniya a bakin Matan Fada, kuma a 2016 ɗin nan da baƙin suka bayyana UNESCO ta sa bikinmu cikin al'adun da ake tattalawa. Muna alfahari da homa da gora, muna zuba guba a tukunyar kifin.

Kuma ba a rasa wata hanya ba. A shekarun 1970 wani baƙon ƙwaro ya kusa gamawa da rogon Afirka. Masu bincike a cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, suka nemo 'yar ƙaramar rinar da ke cin sa a ƙasarsa ta asali, suka sake ta a 1981, rogo ya farfaɗo. A nan maƙwabta, a Maraɗi, ana kiwon wata rinar ana rataye ta cikin ƙananan buhuna a gonakin gero don ta kashe tsutsar zangarniya. Har toka da yashi da tsofaffi ke zubawa a kan masara suna aiki, haka ruwan 'ya'yan dogon yaro (shi ma baƙo ne daga Indiya, sai dai ya yi zama na mutunci). Feshi na makauniya shi ne abu na farko da zai kashe irin waɗannan rinoni.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma abokan aikina da sun ji wannan sai su ce a yi manhajar waya. An riga an yi. Hukumar FAO ta fitar da ta bibiyar tsutsar tun 2018. Abin da sana'ar ta koya mini daban ne: ba ka taɓa tsari sai ka rubuta yadda ka same shi, in ba haka ba, ranar da ya lalace ba za ka san abin da ya ɓace ba. Ina littafin da ya lissafa kwarin fadamar Rima kafin 2016? Muna da jami'a a Aliero, muna da wata a Birnin Kebbi. A ba ɗalibai kwalabe da kuɗin mota, su zauna da Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta, su rubuta sunan kowane ƙwaro da Hausa tun masu sanin sunayen suna raye.

Na faɗa wa kawu haka. Ya ce in na gama rubutun in turo masa kuɗin feshi na biyar.