Zariya Ba Ingila Ba Ce: Me Ya Hana 'Ya'yan Kagoma Tuƙa Jirgin Sama?

'Yan'uwa, tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, a cikin jiharmu ta Kaduna. Mota ɗaya ko biyu daga Kafanchan, kafin rana ta faɗi kana bakin ƙofarta. Amma yaro a Fadan Kagoma ya ce matuƙin jirgi yake son zama, sai mu fashe da dariya, mu ce ya je ya taya babansa haƙar citta. A wannan kwalejin Kyaftin Chinyere Kalu ta yi karatu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, har daga baya ta shugabanci makarantar. Ita ma ba daga sama ta faɗo ba.

Muna cewa kuɗi ne ya hana mu. Gaskiya ne, karatun na cin miliyoyin naira. To amma kafin a kai ga maganar kuɗi, akwai ƙofar farko: kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci da lissafi da fiziks a ciki. Yaranmu nawa ne ke gama sakandare ba su taɓa samun malamin fiziks na dindindin ba? A nan muke kashe su, tun ba su san hanyar Zariya ba. Bayan haka sai gwajin lafiya mai tsanani, ido da kunne da zuciya, sai lasisin farko, sai wajen awa 200 a sama kafin hukumar NCAA ta ba ka lasisin yin sana'a da tuƙi. Kujerar kyaftin a kamfanin jiragen fasinja kuwa sai ka tara awa 1,500.

Kano ta gwada a zamanin Kwankwaso, ta tura matasa 100 ƙasar Jodan. Da yawa sun dawo da lasisi suka zauna a gida, domin kowane samfurin jirgi yana da nasa horon daban, shi ma da kuɗinsa. Saboda haka idan za mu ɗauki yaro, mu ɗauke shi har ƙarshe, kada mu sauke shi a tsakiyar kogi.

Abin da ke ba mu haushi shi ne, kuɗin ba su ɓata ba. Ku lissafa abin da muke zubarwa a ashobi da kanofi da shanu a biki ɗaya. 'Yan siyasa su zo lokacin zaɓe, mu karɓi rigunan ƙwallo mu yi ta tafi. Ko sau ɗaya mun zaunar da ɗan majalisarmu mun tambaye shi gurbin tallafin karatu na jiha a Zariya?

A taronmu na ƙarshen shekara muna so a sa abu biyu a ajanda: albashin malamin fiziks ɗaya daga asusun ƙungiya, da kwamitin da zai zaɓi yaro ko yarinya ɗaya ta hanyar jarrabawa, ba ɗan wane ba. Wanda ke ganin ba za ta yiwu ba, ya zo taron da lissafinsa a takarda.