DANDALIN 'YANMATA: Katin Wani, Amma Sunanki Ne a Littafin Otal

  Masu aiko da wasiƙu na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Wadda ba ta ga tata ba ta ƙara haƙuri, layi ne, zai zo kanta.

Wasiƙar da na ɗauko yau ta wata ƙanwata ce 'yar aji shida, ta roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Anti, za mu je bikin yayar ƙawata a Abuja mu uku. Wanda yake nemana ya ce kada mu takura a gidan biki, ya kama mana ɗaki a wani babban otal na kwana 3. Ya ce in turo masa hoton katina na ɗan ƙasa, na tura. Da ya turo risiti sai na ga sunana ne a wurin mai kwana, amma a wurin wanda ya biya sunan wani Bature ne. Na tambaye shi ya ce abokin kasuwancinsa ne. Anti, akwai matsala?"

To ƙanwata, akwai, kuma babba. Ban ma fara da tambayar ko su Mama sun san da zancen otal ɗin nan ba, don daga yadda kika rubuto na gane ba su sani ba. Wannan zance ne na wata ranar. Yau bari mu tsaya a kan katin.

Kati iri biyu ne. Akwai wanda yawancinmu muke riƙewa, irin su Verve da Mastercard da Visa da banki ke ba mu, wanda kuɗinki ne da ke ajiye kike cira. Akwai kuma katin bashi, wanda ya fi yawa a Amurka da Ingila, inda banki ne yake biya wa mutum sannan ya biyo shi bashi a ƙarshen wata. Abin da 'yan damfara suka fi so da irin waɗannan katunan shi ne, a wurare da dama a intanet ba sai an ga katin a hannu ba. Dogayen lambobin nan na gaba, da ranar ƙarewar aikinsa, da 'yan lambobi 3 na baya, shi ke nan an biya. Mai katin yana can yana barcinsa bai san ana kama ɗaki da sunansa a Abuja ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ranar da mai katin ya duba lissafinsa ya ga kuɗin da bai kashe ba, bankinsa zai sanar. Banki kuma yana da ikon janye kuɗin daga hannun otal, ko da an yi wata biyu ko uku da kwanan. Otal ya ba da ɗaki, ya ba da abinci, kuɗi ya koma. Wa kike jin za su nema? Za su buɗe littafinsu ne su ga sunan wadda ta kwana. Katin ɗan ƙasarki yana nan, sa hannunki yana nan, lambar wayarki tana nan, kyamarar da ke kan kanta ta ɗauki fuskarki ke da ƙawayenki kuna dariya da jakunkuna. Shi kuwa gogan naki ko ƙafarsa bai taka otal ɗin ba. Layin waya kawai zai cire ya jefar. Idan kuma mai katin ya farga da wuri, to kina tsaka da ɗaura ɗankwalin dina manaja zai ƙwanƙwasa ƙofa.

Kada ki ce ai ba ke kika sata ba. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta yi magana ƙarara a kan amfani da katin kuɗi don samun kaya ko hidima da niyyar zamba, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 7. Gaskiya ne sai an tabbatar da niyya. Amma kafin a gane ke ba ki san komai ba, kin sha tambayoyi a hannun 'yan sanda ko EFCC, an kira Baba ya zo beli, unguwa ta ɗauka. Ku da kanku kun san garinmu, ba za a ce an kama ta a kan kati ba, cewa za a yi an kama ta a otal. Wannan kalmar kaɗai ta isa ta mayar da lefe gidan su ango.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni. Bayan ya biya sai ya ce tafiyar ta fasu, ki ce wa otal su mayar da kuɗin ta asusunki, ke kuma ki turo masa, ya bar miki na kati. Daga ranar kin zama hanyar da kuɗin sata suka bi, kuma tun da Babban Banki ya kawo BVN a 2014 duk asusun da kike da shi a ɗaure yake da yatsunki da fuskarki. Ni dai duk saurayin da kuɗinsa ba sa fitowa da sunansa, tsoronsa nake ji. Ku tuna da Ramon Abbas da ake kira Hushpuppi, wanda hotunan motocinsa da kayan sawarsa suka cika Instagram. A 2020 aka kama shi a Dubai, a 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 11.

Sai dai ba duk biyan da wani ya yi maki ne haram ba, kada in sa ku zargin kowa. Yayanki na Ingila zai iya kama muku ɗaki ke da Hajiya in za ku Umara, ko in za ki raka ta asibiti Alƙahira. Kawu zai iya biya maki masauki in za ki jarrabawa wani gari. A nan matsalar ta rashin sani ce. Sau da yawa katin da aka sa a intanet riƙe ɗakin kawai ya yi, biya sai an iso. Ki kwatanta kin sauka da tsakar dare da tsohuwa marar lafiya, ma'aikaci ya ce ina katin da aka kama ɗaki da shi, ina mai shi, ke kuma ba ki da ko riyal ɗaya na kirki.

Don haka tun kafin ku tashi, mai katin ya tuntuɓi otal ɗin da kansa. Manyan otal suna da takardar izini da mai kati yake cikewa, ya rubuta sunan wadda za ta kwana, kwana nawa, da abin da ya yarda a cira, ɗaki kaɗai ne ko har da abinci da wanki, ya sa hannu ya haɗa da shaidarsa. Ke kuma ki tafi da kwafin a jakarki, ki tabbatar risitin ya nuna an biya. Ki riƙe ɗan kuɗi na daban, domin otal da yawa suna riƙe wani abu na jingina a ranar shiga, sai bayan kin fita da 'yan kwanaki su sake shi. In a gida Nijeriya ne ma duk wannan wahalar ba ta taso ba, ya tura kuɗin asusun otal kai tsaye, ko ya turo maki ki biya da katinki.

Saura masu zare katin Baba ko na maigida daga aljihun riga saboda sun haddace lambar sirri. Na sha jin matan aure suna kafa hujja da labarin Hindu matar Abu Sufyan, wadda ta kai ƙarar rowar mijinta aka yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Haba 'yar'uwa, wancan zancen ci da sha ne da sutura, ina ruwansa da ɗaki mai sanyi a bikin ƙawa? Kuma fa kina danna lambar saƙon banki yana shiga wayarsa, da sunan otal ɗin, da adadin kuɗin, da ƙarfe nawa.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, za mu duba wasiƙar wata baiwar Allah daga Zariya a kan anko kala huɗu a biki ɗaya. Ku ci gaba da aiko da saƙonninku ta adireshin mujalla. Na bar ku lafiya.

Taku har kullum.