Zuciyar da Ta Daina Amsawa

Galibin jama'a, idan aka ambaci ciwon damuwa, abin da ke faɗo musu a rai shi ne mutum ya haɗa kai da gwiwa yana zubar da hawaye dare da rana; saboda haka in sun ga ɗan'uwansu idonsa a bushe, yana amsa gaisuwa, yana fita kasuwa, sai su yanke hukuncin lafiyarsa ƙalau, ko da kuwa ya yi watanni bai ji ɗanɗanon kome na duniya ba. Wannan zato, a ganina, ya cuci bayin Allah masu yawa.

A shekarar 2002, a Jami'ar Stanford ta ƙasar Amurka, Jonathan Rottenberg da abokan aikinsa suka nuna wa masu wannan lalura da masu lafiya majigi mai ban tausayi, suna lura da wanda zai yi kuka. Sai ga shi marasa lafiyar ba su fi masu lafiya zubar da hawaye ba. Bayan shekara shida, da aka tattara sakamakon gwaje-gwaje 19 irin wannan, aka tarar cewa zuciyar mai ciwon tana raunana wajen amsa abin farin ciki, tana kuma raunana wajen amsa abin baƙin ciki, kamar harshen mai zazzaɓi wanda zuma da maɗaci suka kusa zame masa ɗaya. To, wanda halinsa ke nan, in aka yi masa haihuwa bai yi murna ba, ko aka yi rasuwa bai girgiza ba, ina adalci a ce masa butulu, ko mai ƙeƙasasshiyar zuciya, balle a tuhumi imaninsa?

Magabatanmu ba su jahilci wannan ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe a cikin littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke afka wa mutum ba gaira ba dalili, ya hana shi nishaɗi da sha'awar kome; na biyun nan ya jingina shi ga illa ta jiki, ya ce yana bukatar magani tare da lallashi. Malamin da ya rayu fiye da shekara dubu da suka wuce bai ga aibu ga mumini ya nemi likita ba, mu ne yau muke jin kunya.

Sai dai, in muka koma kan waɗancan gwaje-gwaje, majigi daban, rayuwa daban. A Maastricht ta ƙasar Holan, cikin 2003, an ba masu ciwon damuwa da masu lafiya agogon hannu mai ƙara, duk sa'ad da ya buga su rubuta halin da suke ciki, sai aka ga cewa idan wani abin alheri ya sami masu ciwon a yininsu, ƙuncinsu yakan sassauta fiye da yadda na masu lafiya ke yi. Ashe ƙofar ba ta rufe ruf ba. Don haka dangin da suka daina ziyarar mai wannan ciwo, ko suka bar kiransa cin abinci tare saboda ba ya nuna jin daɗi, sun janye masa abin da ke yi masa amfani ba su sani ba; in kuwa halin ya wuce mako biyu, barci da cin abinci suka rikice, ko ya fara ambaton gajiya da rayuwa, wajibi ne a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.