Tsuntsu a Fuskar Wata: Hoto ne ko Haɗi?

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan da wuya mutum ya buɗe wayarsa bai ci karo da irin hoton nan ba: ga farin wata ƙato, ga tsuntsu ya buɗe fukafukai a tsakiyarsa, kowane gashi nasa ya fito tas. Jama'a su yi ta yabo suna turawa gaba. A nawa ra'ayin, da yawa daga cikin hotunan nan a kwamfuta aka haɗa su, kuma ya kamata masu su su riƙa faɗin haka a ƙarƙashinsu.

Mai karatu zai ce, ta yaya aka sani? Lissafi ne ya nuna. Tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,400, kuma faɗinsa a idonmu kimanin rabin digiri ne. Idan ka miƙa hannu, farcen ƙaramin yatsanka zai rufe shi. Shirwa, wadda faɗin fukafukanta ya kai kamar mita ɗaya da rabi, za ta cika fuskar wata ne idan tana nesa da kai da misalin mita 170. To, dogon madubin kyamara da ke jawo wata kusa ba ya iya fito da abu biyu tas a lokaci guda, ɗaya a mita 170, ɗaya a can sama. Idan shirwa ta fito sosai, wata zai yi dishi-dishi. Idan wata ya fito da duwatsunsa da ramukansa, shirwa ce za ta yi hazo, sai fa in tana can nesa ƙwarai, ta zama 'yar mitsitsiya.

Sannan akwai maganar haske. Hasken rana ne ke sauka a kan wata, shi ya sa kyamara ke iya ɗaukarsa cikin ƙiftawar ido. Amma tsuntsun da ya gifta cikin dare ba shi da wannan gata, baƙar inuwa kawai zai zama. Saboda haka in ka ga sama baƙi ƙirin, wata fari tas, tsuntsu kuma da launinsa, sai ka tambayi kanka: wace fitila ce ta haska shi?

Ba ina cewa haɗa hoto laifi ba ne. Mai zane ma yakan zana abin da bai taɓa gani ba, kuma babu mai tuhumarsa. Abin da ke damuna shi ne, inuwar tsuntsu a kan wata shaida ce da masana suka daɗe suna dogara da ita. Yawancin ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da dare suke tafiya, lokacin da ba a ganinsu. A shekarar 1880, W. E. D. Scott ya leƙa madubin hangen nesa a Princeton da ke Amurka, ya ga tsuntsaye suna gifta wata. Daga baya George Lowery na Jami'ar Jihar Luwiziyana ya mayar da abin hanyar ƙidaya, har a watan Oktoba na 1952 shi da Robert Newman suka sa mutane fiye da dubu suka zauna darare huɗu suna ƙirga tsuntsaye, suna rubuta inda kowanne ya nufa. Mu ma abin ya shafe mu, domin da yawa daga cikin tsuntsayen Turai da ke zuwa fadamar Haɗeja da Nguru cin rani cikin dare suke ƙetare Sahara. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Idan aka cika duniya da hotunan haɗi babu bayani, wanda ya kwana a waje ya samo na gaskiya shi ne za a fara ƙaryatawa.

Kyamarar ma yanzu ba a bar ta a baya ba. A 2023 an yi ta cece-kuce da aka nuna cewa wasu wayoyin Samsung suna ƙara wa hoton wata bayanan da madubin bai kama ba.

Wanda ke son na gaskiya, kada ya jira daren sha huɗu. Ya fita ranar 12 ko 13 ga wata, lokacin da wata ke fitowa a gabas tun rana ba ta faɗi ba. A sa'ar nan rana tana haska tsuntsu, tana haska wata, kuma lokacin ne balbelu ke komawa makwancinsu a jere. Zai ɗauki hoto da yawa kafin guda ya yi kyau, domin tsuntsu ba ya yin daƙiƙa ɗaya a fuskar wata.

Mu ɗaliban harshe kuwa, namu aikin yana a layin nan guda da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto. Kalmar "hoto" a Hausa ta ɗauki wanda aka ɗauka da wanda aka zana, ba ta rarrabe ba. Shawarata ga editocin wannan mujalla ita ce mu riƙa rubuta "ɗauka" a ƙarƙashin wanda kyamara ta kama sau ɗaya, "haɗi" kuma a ƙarƙashin wanda aka harhaɗa, mu fara daga fitowa ta gaba.