Wane likita ne zai riƙa duba lafiyar 'yan kwana-kwanan Kebbi?

A hunturun bara gobara ta tashi a wani gida kusa da namu a Katanga. Ta fara daga rumfar kara, iska ta kwashe ta zuwa rumbu, kafin a ankara ta shiga ɗakin da aka tara katifu da kayan roba na wata amarya. Matasa suka yi ta jigilar ruwa da bokiti har motar kwana-kwana ta iso. A cikin ma'aikatan da suka sauko akwai wani dattijo da zai haura shekara hamsin. Shi ya riƙe bakin mesa, shi ya fi kowa kusantar hayaƙin. Da wutar ta mutu sai na gan shi ya koma gindin darbejiya ya zauna, ya dafe ƙirji yana tari, gumi na zuba duk da sanyin da ake yi. Na kai masa ruwa, na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin likita. Ya yi dariya ya ce, "Malam, tun awon da aka yi mini ranar ɗaukar aiki."

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Duk lokacin da gobara ta ci kasuwa, maganar da muke yi guda ce: babu mota, babu ruwa, an zo a makare. Haka aka yi ta faɗa bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, haka aka maimaita bayan ta babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021. Ƙorafin gaskiya ne. Amma ba kasafai ake jin wanda ya tambayi halin da zuciya da huhun mutumin da ke shiga cikin wutar suke ciki ba. Ra'ayina shi ne gwamnatin Kebbi ta samar wa hukumar kashe gobara tsayayyen shirin duba lafiya, kuma ta zaɓi likitan da zai gudanar da shi bisa sharuɗɗan da kowa zai iya karantawa. Idan aka yi kuskure a wannan zaɓi, duk kuɗin da za a kashe asara ne.

Mutane da yawa suna zaton wuta ce ke kashe ma'aikacin kashe gobara. A Amurka, inda suka daɗe suna ajiye lissafi, bincike ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka mutu a bakin aiki zuciya ce ta tsaya musu. Dalilin a fili yake. Mutum yana zaune ko yana barci, ƙararrawa ta kaɗa, cikin 'yan mintuna ya saka kayan da nauyinsu kan haura kilo 20, ya ja mesa cike da ruwa, ya tunkari zafi. Jiki na zubar da ruwa, jini na yin kauri, zuciya na bugawa iyakar ƙarfinta. Wanda ke da hawan jini bai sani ba, a irin wannan lokacin ne abin ke kayar da shi. To a ƙara da zafin ƙasarmu, inda daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan wuce 40.

Sai hayaƙi. Gidajenmu na yanzu cike suke da katifar soso, leda, kujerun roba, wayoyin lantarki da jarkokin fetur. Idan suka ƙone suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ke manne wa jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, haka kuma suna fitar da gubar sayanaid. Wasu illolin nan take suke bayyana, wasu sai bayan shekaru. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka aikin kashe gobara a sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar daji, ta ambaci dajin mafitsara da na fatar da ke lulluɓe huhu. A yankinmu akwai ƙarin haɗari: shagunan maganin feshi da takin zamani da manoman albasa da shinkafa ke saye a Jega da Aliero da Maiyama, ga kuma tankokin mai da ke ratsa Jega dare da rana a kan hanyar Sakkwato zuwa Yawuri. Wanda ya ga abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda fashewar tanka ta kashe mutum sama da 150, ya san irin wutar da ake magana.

Aliero ta yi suna a faɗin ƙasar nan da ma maƙwabta wajen ɗorin karaya. Ma'aikacin da ya faɗo daga tsani ya karye ya san inda zai nufa. Amma zuciyar da ta kumbura da huhun da ya cushe ba a ɗora su, kuma ba sa yin ciwon da zai sa mutum ya nemi magani da wuri. Awo ne kaɗai ke tona su.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mun san yadda irin wannan aiki yake kasancewa idan ya faɗa hannun 'yan kwangila. A kafa rumfa rana guda, a ɗauki hoto, a auna jinin kowa, a raba farasitamol, a watse. Ko kuma a miƙa aikin ga asibitin wani na kusa da wani, wanda ba shi da na'urar awon zuciya, ya riƙa buga hatimi a takarda yana karɓar kuɗi. Wannan ya fi rashin shirin muni, domin ma'aikaci zai riƙe takardar da ta ce lafiyarsa ƙalau ya shiga wuta da ita. Saboda haka nake ganin duk asibiti ko likitan da ke neman aikin, na gwamnati ne ko mai zaman kansa, sai ya cika sharuɗɗa shida.

Na farko, ya san aikin. Likitan ya kasance mai rajista da lasisi mai rai daga hukumar kula da likitoci ta ƙasa, kuma ya yarda ya je tashar kashe gobara da ƙafarsa, ya ɗaga kayan, ya ga atisaye. Wanda bai taɓa jin nauyin tukunyar iska a bayansa ba zai auna ɗan kwana-kwana da ma'aunin magatakarda. A Amurka akwai ƙa'ida mai lamba 1582 ta ƙungiyar kare gobara ta ƙasarsu, wadda ta jera ayyukan da ma'aikaci ke yi da awon da ya dace da kowanne. Ba sai mun kwafe ta baƙi da baƙi ba, amma wanda zai karɓi aikin ya kamata ya karanta ta, ya gaya mana abin da zai yiwu a nan.

Na biyu, kayan aiki a gani a ƙasa. Awon shekara-shekara ya ƙunshi hawan jini, sukari, kitsen jini, aikin ƙoda da hanta, zanen bugun zuciya, awon ƙarfin huhu da na'urar da ake hurawa, awon ji da na gani, sannan rigakafin ciwon hanta nau'in B da na sandarewar wuya, tunda su ne ke ciro mutane daga motocin da suka yi haɗari. Kwamitin zaɓe ya je ya ga na'urorin suna aiki, ya tambayi wanda ke karanta sakamakon, ya tambayi abin da ake yi idan wuta ta ɗauke.

Na uku, kusanci da hanyar miƙa marar lafiya gaba. Ba hikima ba ce a kwashe ma'aikatan tasha zuwa Birnin Kebbi rana guda a bar gari babu mai tsaro. Ƙananan awo za a iya yin su a manyan asibitocin Jega, Aliero da Maiyama, bi da bi. Wanda aka ga alamar matsala a zuciyarsa ko huhunsa a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, in abin ya fi ƙarfin nan a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Yarjejeniyar ta faɗi a rubuce wa zai biya kuɗin wannan mataki na biyu, domin gano cuta a sallami mutum da takarda kawai ƙara masa damuwa ne.

Na huɗu, riƙe sirri. Wannan ne zai raya shirin ko ya kashe shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanan marar lafiya ba da izininsa ba. Abin da shugaban hukuma yake buƙatar sani kaɗan ne: wane ya dace da shiga wuta, wane ya dace da sharaɗi, wane yana buƙatar hutu. Sunan cutar tsakanin ma'aikaci ne da likitansa. Idan labari ya bazu cewa fayil ɗin mutum na yawo a ofis, ranar awo kowa zai ce matarsa ce ba ta da lafiya.

Na biyar, ɗorewa da ajiye tarihi. Awon huhu na shekara ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa. Amfaninsa yana fitowa ne idan aka jera na bana da na bara da na bariya aka ga inda ƙarfin ke raguwa. Don haka yarjejeniyar ta kai aƙalla shekara uku, kuma a rubuta cewa idan an sauya asibiti, fayil ɗin kowane ma'aikaci zai bi shi.

Na shida, kula da ƙarfin jiki da kwanciyar hankali. Shirin ya haɗa da motsa jiki a lokacin aiki da shawara kan abinci, barci da shan ruwa. Likitan da ya san ƙasar nan ya san azumi ya faɗo cikin zafi a 'yan shekarun nan, kuma zai iya zama da shugabannin tasha a tsara yadda za a riƙa musanya mutane a bakin wuta da yadda za a gane wanda zafi ya fara bugarwa. Haka kuma mutumin da ya ciro gawar yaro daga ɗaki ko daga rijiya ba ya komawa gida yadda ya fito. Wasu barci ke ƙaurace musu, wasu su faɗa shan ƙwaya. Ya kamata a sami wanda za su yi magana da shi a asirce, da hanyar kai mai buƙata ga ƙwararru irin na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Na san abin da za a ce. Hukumar da ke fama da tayar mota da man dizal, ina ta ga kuɗin likita? Amsata ita ce ma'aikatan kashe gobara ba su da yawa idan aka kwatanta da malamai ko ma'aikatan lafiya, kuma a lissafina awon su duka na shekara ba zai kama ƙafar kuɗin sabuwar mota guda ba. Motar kuma ba ta tuƙa kanta. Sannan ba daga tushe za a fara ba. Jihar na da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KECHEMA, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki. Abin da ya rage shi ne a ƙara kunshin awo na musamman a kan inshorar da ake da ita. Tarihin awon nan ne ma zai zama hujjar ma'aikaci ranar da zai nemi diyya.

Ƙorafi na biyu daga ma'aikatan kansu zai fito, kuma ya fi na farko nauyi: idan aka gano ina da hawan jini, ba korata za a yi ba? Tsoron yana da tushe. Dole a rubuta tun farko cewa awon don magani ne. Mafi yawan masu hawan jini ko sukari suna ci gaba da aikinsu idan suna shan magani. Wanda likita ya ce ya daina shiga wuta, akwai aikin duba gine-gine da gidajen mai, akwai wayar da kan 'yan kasuwa, akwai horar da sababbi da karɓar kiran gaggawa, duk da albashinsa da matsayinsa. Kuma a saka wakilan ƙananan ma'aikata cikin kwamitin da zai zaɓi likitan, domin jikinsu ne za a auna.

Ni dai da za a tambaye ni, zan ce a ɗora nauyin a kan babban asibitin gwamnati guda a Birnin Kebbi, a naɗa likita ɗaya da aka san sunansa wanda zai amsa tambaya idan abu ya lalace, asibitocin ƙananan hukumomi su zama rassansa. Idan asibiti mai zaman kansa ya fi cika sharuɗɗan, a ba shi, amma bayan an tallata aikin a fili, kuma kada araha kaɗai ta zama ma'auni. A ƙarshen kowace shekara a kai wa Majalisar Dokokin jiha rahoto ba tare da suna ba: mutum nawa aka auna, nawa aka tura gaba, nawa aka kashe.

Gwamna Nasir Idris ya fito ne daga ƙungiyar ƙwadago, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, don haka maganar haƙƙin ma'aikaci ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Ina roƙonsa, tare da 'yan majalisar da ke wakiltar Jega, Aliero da Maiyama, su sa wannan a kasafin kuɗi mai zuwa, a kafa kwamitin zaɓen likitan kafin hunturu ya sake shigowa. Dattijon nan da ya zauna a gindin darbejiya ya ceci gidaje huɗu a unguwarmu, kuma har ya hau mota ya tafi bai daina tari ba.