Yaro Mai Ƙiba Da Hawan Jini: A Fara Daga Tukunya, Kar A Ba Shi Ƙwayar Baba



Wani maigida daga Unguwar Lalle ya turo mana tambaya. Ɗansa mai shekara 14 yana da jiki sosai. An auna shi a wani kemis, aka ce jininsa ya hau, 136/86. Yana tambaya: ya riƙa ɓalla masa rabin ƙwayar da shi yake sha, ko ya sa shi kan zoɓo da tafarnuwa?

Ra'ayina: duka biyun a dakata tukuna.

Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini a yaro. Ƙa'idar likitocin yara na Amurka ta 2017 ta ce sai an auna a ranaku uku daban-daban, da abin ɗaure hannu daidai da damtsen yaron. Daga shekara 13, in awo yana tsayawa 130/80 ko sama, to hawan jini ne. Ƙasa da wannan shekarun, sai likita ya duba da tsawo da shekarun yaro.

Sannan a tabbata ƙiba ce ta gaske. A ƙasarmu ta Gobir, inda tamowa ta fi damunmu, da an ga yaro ya cika sai a ce "ma sha Allah, ɗan gata". Amma kumburin fuska da ƙafa ba ƙiba ba ne, yana iya zama ciwon ƙoda, kuma ƙoda tana hawar da jini. Haka ƙwayoyin sa ƙiba irin dexamethasone da ake ba 'yan mata, su ma suna hawar da jini. A daina saye, wadda ta daɗe tana sha kuma ta ga likita kafin ta bari.

In an tabbatar ƙiba ce sila, maganin farko yana madafa:

Gishiri da dunƙule: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Na yaro ƙasa da haka. Uwargida, rage dunƙule, ƙara daddawa da albasa.

Zaƙi: lemon kwalba, da fura ko zoɓon da aka cika wa sukari, su zama na lokaci-lokaci.

Ganye: zogale, kuka, rama, wake, duk muna da su.

Motsa jiki: minti 60 kullum. Na san halin tsaro ya hana yara da yawa zuwa gona da kiwo, amma ƙwallo a ƙofar gida, ɗiban ruwa, daka, duk motsi ne.

Kuma gida duka za a canza tukunya. Ba a ware yaro ɗaya ana yi masa gori.

To yaushe za a sha magani? In an yi wata 6 ana wannan ƙoƙari jini bai sauka ba, ko akwai ciwon suga, ko ƙoda, ko ya fara taɓa zuciya. Nan fa babu kunya, neman magani ba ya karo da tawakkali. Sai dai likita ne ke auna ƙwayar da nauyin yaro, wasu ma, kamar lisinopril, suna cutar da ɗan tayi in yarinya ta samu ciki. Zoɓo da habbatus sauda ba su maye gurbin wannan.

In akwai ciwon kai mai tsanani, amai, gani dishi-dishi ko jijjiga, kar a jira. A nufi babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, in ta kama su tura ku Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya. A tura wa sauran 'yan uwa.