Laifin wasan waya ne, ko laifinmu?

Jiya da yamma a majalisarmu ta Karkarna wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce duk yaron da ke wasan waya ya lalace, maganinsa a fasa wayar. Na ce, Baba, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Ga dalilina.

A 2008 Jami'ar Washington ta Amurka ta fito da wani wasan kwamfuta mai suna Foldit. A 2011 'yan wasan suka gano siffar wani sinadari na ƙwayar cutar da ke jawo wa birai ciwo irin ƙanjamau, cikin mako 3, bayan masana sun shafe fiye da shekara 10 suna fama. Yawancinsu ko ƙofar ɗakin bincike ba su taɓa shiga ba.

Za ka ce ina ruwan Yankwashi da birai? To, ga wanda ya shafe mu. A 2012 wasu masana a Madrid suka yi wasan MalariaSpot. Ana nuna maka hoton jini, kana danna ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, kana samun maki. Da aka haɗa amsoshin mutane da yawa, ƙidayarsu ta yi daidai da ta ƙwararre. Wane gida ne daga Roni zuwa Babura zazzaɓi bai kwantar da yaro ba a daminar bana?

A gida ma akwai. Cibiyar APLORI da ke Jos tana tattara bayanan tsuntsayen Najeriya ta manhajar BirdLasser, masu sa kai suna rige-rigen wa zai fi yawan rubuta abin da ya gani. Yaron da ya tashi yana koran jan-baki a gonar gero, wa zai koya masa tsuntsu? Ya san lokacin zuwansu, ya san inda suke kwana. Wannan ilimi ne, sai dai babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Na san za a ce data da caji kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma kuɗin da samarinmu ke zubawa a cacar ƙwallo fa? Masu caca sun gano yaranmu na son gasa da maki, sun yi musu tarko. Mu kuma mun tsaya zagi.

Roƙona ga malamanmu na kwalejin fasaha ta Kazaure da Jami'ar Tarayya ta Dutse: ku haɗa mana wasa da Hausa, wanda zai yi aiki ko babu intanet. Gwiwa ta kara da Yankwashi wajen ƙirga tsuntsaye da kududdufan sauro. Amma da sharaɗi: a dawo mana da sakamakon, a kuma ambaci garuruwan da suka yi aikin. Ba mu ci ƙura wani ya ci suna ba.

Wayar dai ta riga ta shiga hannunsu, Baba. Ko mu ba su aikin yi da ita, ko mai caca ya ba su.

Allah Ya sa mu dace.